Jan Akwatin Yaya

Ni mai fenti ne, kuma ba ni da tsani. Ba wai ban taɓa samun halin saya ba. Na samu, na ƙi. Duk wanda ya ji haka sai ya yi dariya, ya tambaye ni ko tsalle nake yi in shafa saman bango. Nakan bar shi ya gama dariyarsa, don na san abin da nake yi.

Layinmu gajere ne, shaguna a jere, kowanne da rumfar kwano a gabansa. A farkon layin akwai Baba Kafinta, wanda ya girmi kowa, kullum girarsa fara fat da garin katako. Sai mai walda, da muke kira Tartsatsi saboda babu rigarsa da ba ta da huji. Can ƙarshe kuma Dogo mai wayarin ɗin wutar lantarki, wanda duk layin babu gajere kamarsa. Ni ba ni da shago. A bayan shagon Baba nake ajiye bokitaina da buroshi da rola.

Kowannensu yana da tsani. Na Baba na katako ne, nauyi gare shi kamar gawar raƙumi. Na Tartsatsi na ƙarfe ne, shi ya ƙera da kansa, ƙafa ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo, sai an sa mata dutse. Na Dogo mai naɗewa ne, yana ji da shi kamar ɗan fari. Ni kuwa zagayawa nake yi, yau in ari na wannan, gobe na wancan.

A layinmu ba a miƙa wa mutum kayan aro a tsaye. Sai ka zauna, an tambaye ka mutanen gida, an tambaye ka ina za ka kai shi. In ka dawo da shi kuma sai an tambaye ka yadda ka baro wurin. Sai in ce, gida dai mai kyau, sai dai ƙofar ɗakin girkinsu ta kumbura ba ta rufuwa. Baba ya ji. Ko in ce get ɗinsu tsatsa ta cinye gindinsa. Tartsatsi ya ji. Su ma in sun shiga gida suka ga bango ya koɗe, ni ne zan fara faɗo musu a rai, tunda jiya-jiyan nan na zauna a bencinsu. Yawancin aikin da nake ci, a gindin tsanin wani na same shi.

Yayana mai gyaran famfo ne. Ya daɗe yana aiki a wani kamfani can nesa, sai a jima ba a gan shi ba. Matarsa da 'yarsu suna gida tare da mu da Inna. Da kamfanin ya rufe sai ya dawo, da jakar kayansa da wani jan akwati na ƙarfe.

Akwatin nan abin kallo ne. In ya buɗe shi sai ya baje hawa-hawa, kowane ƙarfe da makwancinsa. Sufana tun daga ƙarama kamar ɗan yatsa har babba, filaya iri-iri, abin yanka bututu, injin huda bango, abin duba daidaiton bango mai ɗigon ruwa a ciki. A can ƙasa kuma akwai babbar sufanar bututu mai baki kamar na kada, wadda ni na sa mata suna Mai Haƙora. Har tsani yana da shi, na gorar ruwa, mara nauyi, ya fi na Dogo kyau. Ban taɓa aronsa ba.

Yaya ya kama shagon da ke tsakanin Tartsatsi da Dogo. Ni na rubuta masa allo, na zana famfo yana ɗiga, har da ɗigon. Ya share, ya jera kaya, ya ajiye kujera, ya zauna.

Da farko mutanen layi sun yi ta zuwa aro. Yaya ba marowaci ba ne, ko kaɗan. Kafin ka rufe baki ya miƙo maka. Sai dai ba ya cewa zauna, ba ya tambayar inda za ka. In ka dawo da ita kuma, tun ba ka juya baya ba ya ɗauko tsumma ya goge ta tas, ya mayar makwancinta. Ba da wata manufa yake yi ba, haka ya saba a kamfani.

Wata rana Tartsatsi ya ce mini, "Auta, wai yayanka gani yake tauna sufanar nake yi?"

Na ce, "Da haƙoran naka ai ba abin mamaki ba ne."

Ya jefe ni da safar hannu.

Baba Kafinta da kansa ya taka har shagon ya ce, "Ɗana, in kana buƙatar zarto ko guduma, ga ni nan kusa." Yaya ya rusuna ya ce, "Na gode Baba, ina da shi." Dogo ya yi masa tayin injin hudarsa, ya ce ya gode, yana da shi. Tartsatsi ya ce ga tsohuwar sufanar bututu can a rataye in ta kama, ya ce ya gode, yana da ita. Ba a daɗe ba sunan ya bi shi. Duk layin, in ba ya kusa, Ina-da-shi ake ce masa. A hankali kuma aka daina zuwa aron. Mutum ba ya son kullum shi ne mai miƙa hannu.

Aiki kuwa shiru. Na kawo masa 'yan ayyuka daga gidajen da nake fenti, amma bakin ƙani ba ya nauyi a kan yayansa, kowa cewa zai yi ai dole ya yabe shi. Kuma bakin mutum ɗaya ba ya ciyar da gida.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne da wata hantsi. Ina zaune a bencin Dogo ina jiran tsani, sai wani mutum ya tsaya da babur ya ce ko Dogo ya san mai gyaran famfo, ruwa ya cika masa tsakar gida. Dogo ya zaro waya ya ba shi lambar wani mai famfo da ke can wata unguwa. Yaya kuwa yana zaune, katanga ɗaya ce tsakaninsu.

Da mutumin ya tafi na ce, "Haba Dogo."

Ya dube ni, ya dubi katangar, ya dafe kai. "Wallahi Auta ban tuna da shi ba. Wancan ɗin, abin gwada wutata yana hannunsa tun shekaranjiya, shi ya sa ya faɗo mini."

Na yarda da shi, don Dogo ba ya iya ƙarya, kunnensa ke motsi in ya gwada. Babu mai ƙin Yaya a layin. Mantawa da shi kawai ake yi, kamar yadda ake manta shagon da ke rufe.

Bayan 'yan kwanaki, muna karyawa da safe, Yaya ya ce yana da magana. Wani tsohon abokin aikinsa ya samo masa gurbi a wani babban gini, can nesa, ya fi ma inda ya baro nisa. Albashi mai kyau, amma babu wurin iyali. Ƙarshen wata ake son ya je.

Inna tana ɗinke maɓallin rigata, ba ta ɗago ba. Matar Yaya ta tashi ta ce bari ta duba ruwan zafi, alhali butar tana gabanmu. 'Yarsu kuwa tana jingine da gwiwarsa tana wasa da agogonsa. Yarinyar nan da ya dawo, in ya shigo bayan ƙofa take ɓuya. Sai kwanan nan ta fara yarda ya ɗauke ta.

Da ya fita Inna ta cije zaren ta ce, "Auta, kai da ka san kowa, ba ka san wanda famfonsa ke ɗiga ba?"

Na ce, "Inna, kowa famfonsa na ɗiga."

"To mene ne?"

"Ba a tunawa da shi ne."

Ta miƙo mini rigar ta ce, "To a tuna da shi mana." Kamar wadda ta aike ni sayen ashana.

Na sami Yaya a shago yana goge abin da ba ya buƙatar guga. Na zauna a bakin ƙofa na ce, "Yaya, da za ka je ka ari wani abu wurin Tartsatsi."

"Me na rasa?"

"Ba ka rasa komai ba. Ka dai ara."

Ya ajiye tsumman. "In ari abin da nake da shi? Auta, kana jin kanka kuwa?"

Na yi masa bayanin tsani, yadda na yi muku. Ya saurara har ƙarshe, don Yaya ba ya katse mutum. Sannan ya ce, "Lokacin da nake koyon aiki, maigidana ya aike ni aron sufana wurin wani. Mutumin nan ya bar ni a tsaye cikin rana yana hira da abokansa, sai da ya ga dama ya jefo mini ita a ƙasa. Tun ranar na ce in Allah ya ba ni iko ba zan ƙara tsayawa ƙofar kowa ba. Ɗaya bayan ɗaya na tara waɗannan. Yanzu kuma ka ce in koma?"

Na ce, "Nan ba a tsayawa, Yaya. Zama ake yi."

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Tashi ka tafi aikinka."

Na tashi. Ban ji haushi ba, don na gane maganarsa. Amma ƙarshen wata yana tahowa, kuma ni ba na jin akwai abin da ya gagara tukuna.

A lokacin ina fenti a gidan wata malamar makaranta. Bututun da ya sauko daga tankinta yana zubar da ruwa a jikin bangon da zan shafa, na ce mata ba zan sa fenti a jiƙaƙƙen bango ba, bari in kawo yayana. Ta ce ya zo jibi da safe kafin ta fita. Bututun ƙarfe ne, tsoho, mai kauri. Ko ni da ba sana'ata ba na san babu abin da zai kwance shi sai Mai Haƙora.

Washegari na je na ce, "Yaya, ara mini Mai Haƙora, murfin durona ya ƙi buɗuwa." Gaskiya ne kuwa, ya ƙi. Ya miƙo mini. Na buɗe murfin, sannan na ratso ta gaban shagon Tartsatsi da ita a kafaɗa, ina tafiya a hankali.

"Kai Auta, wannan ba ta Ina-da-shi ba ce?"

"Ita ce."

"Kawo in kwance wani noti da ya addabe ni."

Na ba shi. A layinmu aron abin aro ba laifi ba ne. Na kuma san kaya mai kyau irin wannan ba ya kwana a hannu ɗaya.

Da safe Yaya ya buɗe akwati ya ga makwancin wayam. Ya dube ni. Na ce tana wurin Tartsatsi. Muka je, Tartsatsi ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce ai Dogo ya karɓa jiya da yamma. Muka je wurin Dogo, ya ce Baba ya wuce da ita tun sassafe, wani aiki can bayan gari. Na kira Baba, wayar tana ta ringi a aljihun rigar da ya rataye a shago, muna jin ta daga inda muke tsaye.

Yaya in ransa ya ɓaci ba ya faɗa, wuyansa ne ke kumbura. Ya duba agogo. Malama ta ce ba za ta jira ba.

Muka dawo ta gaban Tartsatsi. Tsohuwar sufanar tasa tana nan a rataye jikin ƙusa, baƙa ƙirin, an yi wa hannunta ƙari da guntun rodi. Tartsatsi ya ga Yaya ya tsaya, ya kuma ga inda yake kallo, amma sai ya duƙufa yana kankare wani ƙarfe kamar bai gani ba. Ya taɓa yin tayi an ce ana da ita, ba zai sake ba. Ni kuma na sami wata tururuwa a ƙasa na zuba mata ido.

Can Yaya ya gyara murya. "Waccan ta jikin ƙusa, tana aiki?"

"Tana yi, in an lallaɓa ta."

Tartsatsi ya ci gaba da kankara.

"Ara mini."

Tartsatsi ya ajiye ƙarfen, ya kakkaɓe benci da safar hannunsa. "Zauna mana, maƙwabci."

"Sauri nake yi."

"Ita ma sufanar sai ta san inda za ta. Zauna."

Yaya ya ɗosana a gefen bencin kamar mai zafi. Tartsatsi ya tambayi Inna, ya tambayi yarinya, ya tambayi ina za a kai masa tsohuwa. Yaya ya amsa a gajarce. Sannan ya sauko da ita ya hure ƙura ya ce, "In ta zame kada ka zage ta, ta girme ka."

Ta zame kuwa. Juyi na farko ta suɓuce, bayan hannun Yaya ya daki ƙarfen da tanki ke kai, fata ta ɗaye. Ya tsotse jinin, ya juya sufanar yana dubawa, ya gane sai an danne ƙaramin gargaren da babban yatsa take kamawa. Daga nan aiki ya tafi. Ya kwance ruɓaɓɓen, ya sa sabo, ya buɗe ruwa, ko ɗigo babu. Malama ta fito da jakarta ta duba ta ce madalla.

A hanya Yaya ya ce, "Da gangan ka yi."

Na ce, "Eh, Yaya."

"Ko musu ba za ka yi ba?"

"Ai ka riga ka sani."

Muka yi tafiya kaɗan. Ya ce, "Wannan ba zai hana ni tafiya ba, ka sani ko?"

Na ce na ji. Ya miƙo mini sufanar ya ce in mayar. Na sa hannuwana a aljihu na ce wanda ya ara shi ke mayarwa. Ban taɓa ƙin aikensa ba sai ranar. Ya dube ni har na ɗauka zai make ni da ita, sai ya wuce gaba.

Tartsatsi na ganin hannun ya kwashe da dariya. "Ta cije ka ke nan. Kowa sai ta cije shi ranar farko." Ya nuna wani tsohon tabo a bayan hannunsa. Ya ƙwala wa Dogo kira, Dogo ya zo ya nuna nasa. Ni ma ina da shi, na nuna. Yaya ya dubi hannayen nan a jere, bakinsa ya ɗan motsa.

"Ya ka baro gidan?" in ji Tartsatsi.

"Lafiya."

"Lafiya kawai?"

Yaya ya yi niyyar tashi, amma mai sana'a ba ya iya haɗiye abin da ya gani. Ya ce, "Ƙarfen da tankin ke kai ya gama yawo. Ƙafa ɗaya tsatsa ta huda ta, da yatsa na ɓantare. In aka cika tankin nan wata rana zai sauko musu."

Tartsatsi ya gyara zama. "Inci nawa ƙarfen?"

Suka shiga maganar ƙarfe. Dogo ya ce injin tura ruwan fa, Yaya ya ce makunninsa yana tartsatsi in an danna. Dogo ma ya jawo kujera.

Ana cikin haka Baba Kafinta ya dawo, Mai Haƙora a hannunsa, duk ta yi buɗu-buɗu da garin katako, har da gam a jiki. Ya miƙa wa Yaya. Na ga hannun Yaya ya tafi aljihun da tsumma yake, ya tsaya a hanya, ya dawo. Ya ɗora ta a cinya haka nan da ƙurarta ya ce, "Me ka yi da ita, Baba?"

Baba ya dube shi ta saman tabarau, ya dube ni, sannan ya zauna ya fara ba da labarin wata matakala da aka ɗaure da notin da ya girmi mai gidan.

Ba zan ce washegari aiki ya ɓarke ba. Bai ɓarke ba. Sai da aka kwana biyu Malama ta yarda a sake ƙarfen tanki, Tartsatsi ya leƙo ya ce, "Ina-da-shi, taso mu je, wa zai sauke mini tankin in ba kai ba?" A gaban idonsa ya kira shi da sunan. Yaya ya ce, "Ashe haka kuke ce mini." Tartsatsi ya ce, "Tun tuni. Ɗauko jan akwatinka."

Daga nan sai ƙananan abubuwa. Dogo ya kai shi wani gida da injin ruwa ke ja ba ya turawa. Baba ya haɗa shi da wani da ke son wurin wanke-wanke a sabuwar kantar ɗakin girki. Ranar nan ne Yaya ya ari abin matse katako wurin Baba, wannan kuwa da gaske ba shi da shi. Injin hudarsa ya ƙone a tsakiyar aiki, ya ari na Dogo. Aka dawo ana aron nasa, shi kuma ya koyi cewa zauna mana, ko da yake yana faɗa kamar ɗan sanda.

Duk da haka bai fasa ba. Ya ce mini ƙananan ayyuka ba albashi ba ne, yau akwai gobe babu, shi kuma yana da iyali. Ban yi masa gardama ba, gaskiya ya faɗa. Inna ta daina tambayata, sai dai ta dube ni in na shigo. Matar Yaya ta fara wanke masa kaya tana ninkewa a jaka. Ta ce mini, "Auta, dabarar taka ta ƙare a bakin get." Na ce, "Ba a gama fenti ba tukuna, kada ki jingina."

Da ƙarshen wata ya matso, Yaya ya buɗe akwati don ya shirya shi. Ina wurin. Ya baje shi hawa-hawa, ya tsaya yana kallo. Makwanci da yawa wayam. Abin yanka bututu yana wurin Dogo. Abin duba daidaito yana wurin Baba. Filaya biyu suna wurin Tartsatsi. Mai Haƙora kuwa ta bar layin gaba ɗaya, an ce tana hannun wani mai gyaran janareto da Yaya bai taɓa gani ba. A kusurwar shagon kuma ga injin Dogo, ga abin matse katakon Baba, ga tsohuwar Tartsatsi da ya sake arowa tunda tasa ta yi nisa.

Ya ce, "Gobe zan bi in tattaro."

Ya fita tattarowa da safe. Wurin Dogo aka ce abin yankan yana gidan da suke aiki, ya zo su je ya ɗauka, da ma matar gidan tana cigiyar mai famfo. Ya je, bai dawo ba sai la'asar, kuma ya baro aikin rabi, sai gobe. Baba ya ce ya yi haƙuri da abin daidaito har ya gama kafa kantoci, kuma maƙwabcin mai kantar ya ga wurin wanke-wanken yana son irinsa. Mai janareto da kansa ya kawo Mai Haƙora, ya zauna ba a ce masa zauna ba, ya ce sunan da ke rubuce a hannunta ya biyo, kuma akwai wani gidan burodi da yake yi wa aiki, bututunsu ya toshe. Kafin ya tafi ya ari ƙaramar sufana.

Ranar da abokin nasa ya kira, da yamma ne, muna tsakar gida. Inna tana kan tabarma, matar Yaya tana kwashe shanya, yarinya tana cinyar babanta tana ja masa tef ɗin awo tana saki. Wayar ta yi ƙara, ya duba sunan, ya bar ta ta ɗan yi kuka kafin ya ɗauka. Suka gaisa. Ba ma jin abin da ake faɗa daga can, sai amsoshinsa.

"Eh, na sani. Na gode ƙwarai, wallahi." Ya tsaya yana saurare. "A'a, bai kai na can ba. Ko kusa. Amma yana zuwa." Matar Yaya ta tsaya da zane a hannu. "Gaskiya ba zan iya tahowa ba. Kayana suna hannun mutane, kayan mutane suna hannuna. Ka ba wani gurbin."

Ya kashe wayar. Yarinya ta saki tef ɗin ya koma da ƙarfi, ta yi dariya. Inna ta ce wa matar Yaya, "Ki fito da kayan nan daga jaka, za su yi wari." 

Yaya ya san ina murmushi ko bai duba ba. Ya ce, "Auta."

"Na'am, Yaya."

"Tsanin nan nawa na gorar ruwa. Na ba ka kyauta."

Na ce, "Yaya, me na yi maka?"

"Ka fi ni sani. Gobe ka zo ka ɗauka, a gaban kowa."

Haka aka yi. Ya miƙo mini a tsakiyar layi, Tartsatsi yana tafi, Dogo yana cewa to Alhamdu lillahi nasa zai huta. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Na saɓa shi a kafaɗa, na bi ta gaban shagunan ina tafiya a hankali. Ban kai ƙarshen layi ba wani mai ɗaura labule ya tsayar da ni ya ce, wannan mara nauyin fa, na wane ne?

Rabona da tsanin ke nan. Wani lokaci nakan ji labarinsa, an ce an gan shi wurin masu sa tayil, ko wurin wani mai gyaran fanka. Lafiyarsa ƙalau. Jiya ma da safe na je wurin Baba aron nasa mai nauyin, na tarar da Yaya a kan benci, ya riga ni zama.